Audugar da Wuta Ba Ta Ci

A garin Gure, in ka ce kana neman Fanna, sai a tambaye ka wacce daga ciki, don kowace unguwa da nata Fannonin. Amma in ka ce Ya Fanna ta kamfama, magana ta ƙare, kowa zai nuna maka hanya. Kamfama dai shi ne tsohon gidan saukar baƙi da Nasara suka bari a gefen gari, inda rairayi ya fara hawa tudu, kuma Ya Fanna ce mai shararsa tun kafin a sauke tutar Faransa. Gajeruwa ce mai faɗin kafaɗa, da zanen Barebari a kumatu, ga murya wadda in ta kira ka daga bakin rijiya sai ka waiga ka duba bayanka. Abu biyu aka san ta da su. Ba ta iya ganin wuta a kunne ba mai tsaronta, sannan tunda take ba ta taɓa barin Bafillace ya kai ƙarshen maganarsa ba.

Na biyun nan ba za a ga laifinta ba, gado ta tarar. Wasan Fulani da Barebari ya girmi kowa a garin. Kowane ɓangare na cewa ɗayan bawansa ne, a yi zagi, a yi ƙarya, a ɓoye wa juna takalmi, ba mai kai ƙara. Sai dai sauran mutane suna yin wasan ne in an haɗu a kasuwa ko wurin suna, a yi dariya a watse. Ita kuwa ta ɗauke shi aiki. Bafillace zai buɗe baki ya ce, "Ke baiwata," kafin ya haɗiye yawu ta riga ta ƙarasa masa sauran, ta ɗora da na kakansa da na saniyar da ya fi so.

Babban abokin karawarta shi ne Bobbo, wani dogo siriri da suka saba tun tana amarya, lokacin yana kawo shanu shan ruwa a rijiyar kwarinsu. Farin shekarar saba'in da uku ya share masa garke, ya bar shi da 'yan ƙwarorin da ko shi kansa kunyar kiransu garke yake ji, sai ya shigo gari ya sami aikin tsaron ƙofar kamfama. Wato Allah ya haɗa su wuri ɗaya safe da yamma. Shi ne ya taɓa zuwa mata fuska a murtuke, ya ce sufurfe mai mulkin gari ya ba da umarni a share tudun rairayin da ke bayan gida, wai babban baƙo zai zo daga Yamai, kuma ba ya son ganin sawun awaki. Ta ɗau tsintsiya ta hau tudu, tana shara iska na maido mata, har rana ta take. Da ta miƙe don ta huta da ƙugu, sai ta hango shi kwance a gindin aduwa ya riƙe ciki, dariya ta hana shi tashi. Washegari ya jefa abin da ya zaci gutsuren sukari ne a butar shayinsa, ashe kanwa ce fara tas. Ya wuni yana zarya bayan wannan tudun da ta share.

Batun wuta kuwa mutane na yi masa dariya, amma ba abin dariya ba ne. Ya Fanna kan shiga gidan maƙwabta gaisuwa, ta ga fitila a ɗaki ba kowa, ta hure ta fito ba tare da ta gaya wa masu gida ba. Baƙon kamfama in ya yar da guntun sigari, kafin ya taɓa ƙasa ta take shi, ta bi shi da harara ko da kuwa soja ne mai igiya a kafaɗa. Waɗanda suka san mafarin abin ba su da yawa, kuma ba su cika faɗa ba. Tun tana ƙauye, a wani kwari na wajen Bune, ta haifi ɗanta na fari, Umara. Wata safiya ta sanyi ta kwantar da shi a kan 'yar shimfiɗar auduga, ta bar fitilar aci-balbal a gefe don ɗakin ya yi ɗumi, ta ruga rijiya. Ɗakin kara ne. Tana jan guga ta hango hayaƙi. Bayan wannan ne mijinta Ɗan Talata ya ɗauke ta suka dawo Gure, don ta kasa wucewa ta gurbin ɗakin. Sun jima kafin Allah ya sake ba su haihuwa, kuma ɗiya ɗaya ce, Habsu. Ɗan Talata ya rasu, Habsu ta yi aure, amma wutar nan ba ta taɓa mutuwa a idon Ya Fanna ba.

To, a daminar shekarar da soja suka karɓi mulki, Allah ya tuna da Gure. Bayan shekarun da aka yi ana duban sama har wuya ya ƙage, sai ga ruwa kamar da bakin ƙwarya. Mutane suka fito suna jiƙa da gangan, tsofaffi na kuka, kwaɗin da aka ɗauka sun ƙare a duniya suka dawo da surutunsu. A daidai wannan lokacin Habsu ta zo gida goyon ciki, cikinta na fari, ya tsufa har tana tafiya tana dafa bango.

Gidajen da suka manta da ruwa kuwa sun ji jiki, kuma kamfama na cikinsu. A bayansa akwai wani ɗaki da ake kira ɗakin inji, inda Nasara suka girke injin ba da wutar lantarki. Injin ya mutu tun tuni, kaji ma sun taɓa yin ƙwai a cikinsa. Ruwa ya sami kafa a rufi ya shiga, allunan toka-toka da aka yi rufin ciki da su, waɗanda magina ke kira fibiro, suka jiƙe suka rufto. Akwai kuma wani ƙaton bututun hayaƙi da aka naɗe da farin abu mai kauri, shi ma ya sha ruwa ya saɓule, ya zube a ƙasa dunƙule-dunƙule. Mai kula da gidan ya leƙa, ya toshe hanci, ya ce Ya Fanna ta san yadda za ta yi da shi.

Ta ɗaura ɗamara ta shiga da tsintsiya da tasa. Abin a hannu kamar jiƙaƙƙiyar auduga, sai dai ya fi ta nauyi, ga wasu zarurruka masu ƙyalli a ciki. Da ta fito da tasar farko, ta tarar Bobbo ya hura gawayi ya ɗora shayi, ya tafi buɗe wa wani ƙofa ya bar wuta ita kaɗai. Ai kuwa ta damƙo dunƙule guda ta danna a kan garwashin don ta kashe masa. Abin ya yi cuu, ruwan jikinsa ya ƙone, gefensa ya yi ja. Ta tsaya tana jiran ya kama. Bai kama ba. Ta sa kara ta juya shi, ta fifita wutar da murfin tasa, ita da ba ta taɓa fifita wutar wani ba. Gawayi ya cinye, abin nan na nan yadda yake.

Bobbo ya dawo ya same ta tsugune, shiru. Wannan ya fi komai ba shi tsoro, don bai taɓa jin shirunta ba.

"Ke baiwata, lahiya? Ko harshen ya hwaɗi cikin tasa?"

"Kai Fulata, rufe mini baki ka duba nan. Wannan mi ne ne?"

Ya duƙa ya duba, ya taɓa da yatsa, ya gyara hula. "Yo ba ki sani ba? Gemun kumandan Nasara na ƙarshe ne. Da zai tahi ya aske ya liƙa a bututu, ya ce in ya dawo zai..."

"In ya dawo ya maƙala wa kakanka, shi ma ya san daɗin gemu sau ɗaya."

Ta shiga ɗaki ta ɗigo kananzir a kan dunƙulen, ta kyasta ashana. Wuta ta tashi, ta lashe man, ta mutu. Audugar ta fito ta fi da fari. Ya Fanna ta daɗe tana kallonta, kuma abin da ke ranta ba ɓoyayye ba ne: da a kan irin wannan ta kwantar da Umara, da yanzu shi ne mai gemu.

Ranar ba ta zubar da ko dunƙule ɗaya a juji ba. Ta yi ta jigila da tasa a ka har gida, ta shimfiɗa tsohuwar tabarma a tsakar gida, ta baje audugar tana tsince ɓaraguzan fibiro. Ta ciro zanenta baƙi na rini, wanda take ji da shi, ta yanka ta fara ɗinka 'yar riga ta katifa. Ta aika maƙwabta aron bakan shiɓa, don in audugar ta bushe sai an kaɗa ta da tsirkiya ta tashi ta yi laushi kafin a ɗura.

Habsu ta ce, "Inna, wannan kuma wace irin auduga ce mai warin tsatsa?"

"Katifar jikana ce. Wuta ba ta cinta. Ko fitila ta kife a kai, sai dai fitilar ta ji kunya."

Habsu ta san labarin yayanta da ba ta taɓa gani ba, sai ta ci gaba da ɓare gyaɗa.

Shi kuwa Bobbo ya soke ɗan gutsure a naɗin hularsa, don ya kai ruga ya nuna wa mutanensu abin mamaki. Washegari da sassafe sai ga shi ya dawo babu hular ma, yana haki, ya tare Ya Fanna a ƙofar kamfama. Da ya san abin da zai biyo baya, da ya canza mabuɗin magana. Amma baki ya riga ya saba.

"Ke baiwata, tsaya ki ji. Abin nan da kika kwashe, guba ne."

"Na ce maka tuwo zan tuƙa da shi?"

"Ba ci ba. Ƙurarshi ce, in mutum ya shaƙa..."

"Wa ya hwaɗa maka?"

"Yayana Boyi. Yana gani ya fizge hular ya jefa a..."

"Bafillace ya hwaɗa wa Bafillace, shi ke nan ƙarya ta zama biyu. Jiya gemun kumandan, yau guba. Gobe kuma mi? Ƙwan aljani?"

"Wallahi tallahi, Fanna..."

"Ranar tudu ma haka ka murtuke."

"Ranar ban rantse ba, cewa na yi wai!"

"To yau ma na ji wai. Kai dai ka ga abu mai kyau a hannun uwargijiyarka, kana so ka yi wa jakinka akumari da shi. Matsa mini."

Duk wanda ya taɓa yin ƙarya don wasa ya san irin ranar nan tana zuwa, amma ba wanda ta zo wa da muni kamar Bobbo. Ya bi ta ɗaki ɗaki tana shara, ya fara magana ta katse, ya sake farawa ta katse. Da ya ga ba ci gaba, sai ya sulale da hantsi ya nufi gidanta, ya yi sallama, Habsu ta amsa. Bai tsaya gaisuwa ba, ya kinkimi tulun ruwan sha ya juye shi kaf a kan audugar da ta fara shan iska, ya ce wa Habsu don Allah ta koma ɗaki, ya fita da sauri.

Labari ya riga shi isa kamfama. Abin da mutanen kasuwar Gure suka gani ranar shi ne dogon Bafillace yana gudu yana riƙe da wando, gajeruwar Babarbariya na biye da shi da muciya. Yana gudu yana ihu, "Jama'a ku hwaɗa mata guba ce! Za ta kashe ɗiyarta!" Mahauta suka ajiye wuƙaƙe suna tafi. Masu kanwa, da yake duk Barebari ne, suna cewa ta ƙara masa ɗaya saboda su. Har wani dattijo da ke fitowa daga masallaci ya tsaya ya yi dariya ya share hawaye, ya ce rabon da ya ga wasa mai daɗi haka tun kafin fari. Ba wanda ya ji abin da Bobbo ke faɗa, kowa ya ga wanda ke faɗar ne kawai.

Hadari ya yi kwanaki yana rufe rana, audugar ta ƙi bushewa, Ya Fanna na juya ta tana tsine wa Fulani. Sannan gari ya washe. Rana ta buɗe sosai, audugar ta bushe ƙayau, ta yi fari, gefenta har ya fara tashi in iska ta taɓa. Da safe Ya Fanna ta share wuri, ta zauna ta miƙe ƙafa, ta ɗora bakan shiɓa a cinya tana gwada tsirkiya da yatsa. Habsu na zaune kusa da ita ta jingina da bango. Sai suka ji sallama a ƙofar gida, wata murya ƙasa-ƙasa da ba su gane ba.

Ta leƙa. Bobbo ne riƙe da igiyar jaki, yana taimaka wa wani tsoho ya sauko. Ta jima kafin ta gane Boyi ne. Ta san shi tun a kwari, lokacin shi ne saurayin da in ya tsaya a kan tudu ya kira shanu, na ƙauyen gaba ma sai sun ɗaga kai. Ciwon bushiya ya kashe musu dabbobi wata shekara, ya tafi neman kuɗi can bakin teku, ya daɗe ƙwarai. Ta ji an ce ya dawo ba lafiya, amma ba ta sa shi a ido ba. Ga shi yanzu ƙashi da fata, kafaɗunsa na hawa suna sauka kamar wanda ya yi gudu, alhali a kan jaki ya zo.

Duk da haka ta shirya. Ta gyara tsayuwa, ta tanadi amsa uku a bakinta, tana jiran ya ce "baiwata".

Boyi ya tuɓe takalmansa. Ya dafa bango ya durƙusa a hankali. Ya ce, "Ina kwana, Ya Fanna." Ya ja numfashi. "Kin tashi lahiya?" Ya sake ja. "Ina gajiya? Yaya... mai nauyin jiki?"

A duk rayuwarta ba Bafillacen da ya taɓa tuɓe mata takalmi, balle ya gaishe ta gaisuwar mutunci. Amsoshin nan uku suka narke a bakinta. Tsoro ne ya kama ta, tsoro sosai, irin wanda rabonta da shi tun ranar da ta hango hayaƙi daga rijiya.

"Boyi, mi ke nan? Ka zage ni mana."

Ya ɗago ido ya dube ta. "Ba ni da... numfashin wasa."

Ta juya ta ce wa Habsu ta fita ta ƙofar baya ta tafi gidan maƙwabta, yanzu-yanzu, kada ta bi ta gefen tabarma. Sannan ta zauna a dakalin ƙofa, ta haɗa hannuwa a cinya.

Maganar da mai lafiya zai gama kafin shayi ya tafasa, Boyi ya kai hantsi yana yin ta, guntu-guntu, yana hutawa. A cikin jiragen ruwa ya yi aiki, can ƙasa inda injuna suke. Aikinsu shi ne su kware tsohuwar audugar nan daga jikin bututu su naɗa sabuwa, su share wurin. Sukan fito fari fat, suna yi wa juna dariya wai sun zama Nasara. Ba ta wari, ba ta ɗaci, ko atishawa ba ta cika sa mutum ba. Shekaru suka wuce bai ji komai ba, har ya bar aikin ya koma dako. Sannan numfashi ya fara gajarta. Lokotoro, wato likitan da ya ɗauki hoton ƙirjinsa, ya ce sunan abin amiyanti, dutse ne mai zare, zarurrukan sun fi gashi siranta, in sun shiga huhu ba sa fita kuma ba sa ruɓewa. Magani babu. Abokan aikinsa da yawa sun riga shi tafiya da irin wannan hakin.

"In tana jiƙe... barci take," in ji shi. "In ta bushe... aka taɓa... ta tashi." Ya nuna bakan shiɓa da ke hannunta, don ta manta ma tana riƙe da shi. "Wannan... shi ne mafi muni. Jariri kuma... a kanta zai kwana."

Ya Fanna ta dubi bakan, ta dubi tabarmar da ke tsakar gida tana ƙyalli a rana. Ta yi niyyar tsare jikanta daga abin da ya ci ɗanta, ashe da hannunta za ta shimfiɗa masa wani. Ta yi kuka a nan bakin ƙofa, a gaban Fulani biyu, ba ta ko rufe fuska ba. Bobbo ya juya yana gyara wa jaki igiyar da ba abin da ya same ta.

Da ta share ido kuwa, sai ta koma Ya Fannarta. "Kai Fulata, tsayuwar mi kake? Tulu!"

Yadda Boyi ya faɗa haka aka yi, yana zaune nesa ta inda iska ke fitowa yana nuni da sanda. Suka jiƙa ƙyalle suka ɗaure hanci da baki. Ba a kwara ruwan da ƙarfi ba, don kada ya tayar da ƙura, yayyafa shi aka yi ta yi har audugar ta koma laka. Aka naɗe ta cikin tabarmar, aka kankare ƙasar wurin da felu tun tana jiƙe, aka ɗura duka a buhu. Bobbo ya haƙa rami mai zurfi can bayan tudu, nesa da rijiya da garake, tana tsaye a kansa tana cewa ya ƙara, yau dai ga bawa ga aikinsa. A ɗakin inji ma haka. Mutanen da suka leƙo suka ga abin da ba su taɓa gani ba, mai shara tana ba daɓe ruwa kamar ta shuka albasa, ga tsintsiya a jingine ba ta taɓa ta ba. Allunan fibiro da ba su karye ba, ba a fasa su ba, a jiƙe aka ɗauke su ɗaya-ɗaya. Abin da ya rage a jikin bututu aka bar shi, aka ja ƙofa aka sa kwaɗo, ta gaya wa mai kula da gidan cewa duk wanda ya buɗe, da ita zai yi. Kayan jikinsu ba a kakkaɓe ba, a ruwa aka tsoma su, su ma suka yi wanka.

Da aka zo rufe rami, Boyi ya aiko a ce tsintsiyar da ta fara sharar da ita ma ta bi. Nan ne aka yi ciniki. Tsintsiyar kaba ce da ta ɗaure da hannunta, ta saba da tafinta, ta ce ko sufurfe bai isa ba. Daga baya dai ta jefa ta, ta juya baya. Bobbo ya tambaya ko a yi mata salla. Ta ce ya bari sai ranar tasa, za ta sa a haɗa.

Ko ita Ya Fanna ta shaƙi wani abu a kwanakin nan, ba wanda ya sani, Boyi ma ya ce ba a sani sai shekaru sun yi nisa. Ta ce shekarun da suka rage mata ba su kai abin ya same ta a gida ba. Abin da ya dame ta shi ne rigar katifar nan ta baƙin zane, da ke rataye a igiya ba komai a cikinta. Ta ɗura mata audugar gona, irin wadda wuta ke ci. Ta sa aka kafa ƙusa can sama kusa da rufi, inda ita kanta sai ta taka turmi take kaiwa, ta ce nan ne gidan fitila daga yau.

Habsu ta sauka lafiya, namiji. Ranar suna gida ya cika, Barebari a gefe, Damagarawa dangin uba a gefe, ga Fulani sun zo da ƙwaryar nono suna cewa sun zo ganin sabon bawan da aka haifa musu. Can da hantsi jakin nan ya sake tsayawa a ƙofa. Boyi ya ƙara ramewa. Aka shimfiɗa masa tabarma a inuwa, Ya Fanna ta fito da jaririn da kanta ta durƙusa ta nuna masa. Ya ciro wani buzu daga ƙarƙashin hammata, fatar tunkiya da ta sha jima ta yi laushi, wadda ya yi shekaru yana salla a kai. Ya ce a riƙa shimfiɗa wa yaron a kan katifa. Fata ba ta saurin kamawa, in garwashi ya faɗa mata sai ta yi ƙauri ta tashi mai barci.

Ta karɓa da hannu biyu. Ta buɗe baki za ta yi godiya, sai ta ga yana tattara numfashi, idonsa na ƙyalli irin na da. Bobbo ya matso.

"Ke..." in ji Boyi. Ya huta. "Baiwata."

Amsa ta taso mata har bakin leɓe, mai kyau kuwa, wadda da ta fito da sai an kwana ana maimaita ta a Gure. Ta haɗiye.

"Wannan yaron..." Kafaɗunsa suka hau suka sauka. "Ya yi sa'a..." Tari ya sarƙe shi, aka miƙo ruwa ya ture. "Bai ɗauko... hancinki ba."

Tsakar gida ta kaure da dariya, har da masu guɗa. Ya Fanna na durƙushe da jariri a hannu, hawaye na bin zanen kumatunta. Ta ƙara jira kaɗan, ko yana da saura.